Yadda ake kwashe kayan rusasshen gini a sayar ba tare da an bar yatsa ko ido a wurin ba

A Damagaram ba a zubar da kayan tsohon gini. Gida ya faɗi ko an rushe shi, kafin kwana biyu an gama raba shi, rodi ya tafi kan sikelin ƴan jari bola, tol ya koma rumfa ko danga, azara wani ya ɗauka zai sake rufi da ita, kyaure da taga suna wajen mai walda, ɓaraguzan bulo kuma an cike kwarin ƙofar gida da su kafin ruwa ya sauka. Bayan daminar 2024, wadda ta kayar da gidaje masu yawa har da tsohon masallacin unguwar Birni a watan Satumba, aikin nan ya ƙaru sosai, samari da yawa sun shige shi ba wanda ya koya musu komai in ban da yadda ake riƙe guduma.

Ni a ganina yawancin raunin da ake ji a aikin nan ba rashin kayan kariya masu tsada ne ke kawo shi ba, rashin tsari ne. Abin da ya kamata a yi da farko sai a bar shi ƙarshe, saboda kowa idonsa na kan ƙarfe, ƙarfen kuwa shi ke riƙe da ginin. To ga yadda ya kamata aikin ya bi.

Mataki na farko: zagaya wurin hannu a aljihu

Ranar farko kar ka taɓa komai sai ka zagaye gidan ciki da waje, kuma da mai gidan ko wani dattijon maƙwabci da ya san wurin. Tambaye shi ina tsohuwar shadda take, ina rijiya, ina aka taɓa haƙa rami aka rufe. Murfin shadda da ya shekara ashirin, rodin cikinsa tsatsa ta cinye, ɓaraguzai sun lulluɓe shi, mutum na takawa da burweti cike sai ya rufta. In ka gano wurin kafa sanduna ka zagaye shi da igiya ko tsumma ja.

Sai kuran. Kashe makunnin ɗaki ba shi ne yanke wuta ba. A kashe daga kwanta, in kuma wayar da ta taso daga fal tana manne da bangon da za a kayar, ma'aikatan NIGELEC ne za su cire ta, ba yaron da ya iya sa kwan fitila ba. Ka duba ko maƙwabci ya ja waya ta kan katanga ya bi ta gidan, domin ana haka, gida ya mutu amma wayar da rai. Faifan sola ma muddin rana na dukansa yana ba da wuta ko da an cire baturi, a rufe shi da bargo ko kwali kafin a kwance.

Bango kuma ka kalle shi da kyau. Wanda ya tsage daga sama har ƙasa, wanda ya yi ciki, wanda gindinsa ya jiƙe ya zaizaye, duk waɗannan ba a tsayawa gindinsu ko don shan inuwa. Ginin ƙasa da ya sha ruwa ba ya ba da sanarwa kafin ya zo, kuma mita ɗaya tsawo, faɗi da kauri na irin wannan bango nauyinsa ya kai tan ɗaya da rabi ko fiye. Bayan ruwan sama mai ƙarfi a ba shi kwanaki ya sha iska.

Tarin da ya daɗe a ajiye gidan kunama ne da kububuwa. Kar a cusa hannu ƙarƙashin tol ko bulo, a fara ɗaga shi da dogon ƙarfe, kuma a ɗaga ɓangaren da ke nesa da kai don abin da zai fita ya gudu can ba kan ƙafarka ba.

Mataki na biyu: abin da za ka sa a jiki

In kuɗinka na abu ɗaya ne kawai, sayi takalmi. Silifas da takalmin roba kusa na ratsa su kai tsaye. Nemi bot mai kaurin ƙasa, in da hali mai ƙarfe a baki, ko na gwanjo ne ya wadatar. Bayan shi tabarau na aiki mai rufe gefe, ba na gayu ba. Sai safar hannu ta fata don tol da gilas, amma a cire ta in za a yi aiki kusa da abin da ke juyawa kamar injin niƙa dutse, don in ya kama safar da hannun zai tafi. Kaske dole ne in akwai wani yana aiki samanka. Babbar riga, rawani mai jela da hannun riga mai lilo a ajiye su gefe. Maganar takunkumi tana zuwa a ƙasa don tana da tsawo.

Maigida, wannan kayan kai za ka saya, kar ka cire a kuɗin yara. In ka ce su saya da kansu ba za su saya ba, kai ma ka sani.

Mataki na uku: daga sama ake farawa

Yadda aka gina, haka ake kwancewa amma a juye. Abin da maso ya sa ƙarshe shi ke fita farko: gilas, kyaure, taga, wayoyi, silin, sannan tol, sannan katako ko azara, sannan bango daga sama layi-layi. Gilas a cire shi da hannu tun farko a jingine wuri guda, kar a bari guduma ta same shi.

Hawa rufi shi ne inda ake faɗowa. Tsohon tol ba ya ɗaukar mutum, kuma katakon da ke ƙarƙashinsa wataƙila gara ta gama da shi sai ɓawo. Shimfiɗa katako mai kauri a gicciye ka taka kansa, kar ka taka tsakanin tol. Tsani ya zarce bakin rufi da kamar mita ɗaya, a ɗaure shi ko wani ya riƙe, kuma a kowane mita 4 na tsawo gindinsa ya ja baya mita 1. Tano a kan tano ba tsani ba ne. Ranar da iska ke kaɗawa, ko hadari ya haɗo daga gabas, a sauka, don falle ɗaya na tol in iska ta ɗauke shi daga hannunka zai iya jan ka ƙasa ko ya yanke wanda ke tsaye can gefe. Kuma ba a jefo kaya, a zuro da igiya, ƙasan wurin kuma ba kowa.

Wani kuskure mai kashe mutane shi ne sassaƙe gindin bango don a tura shi ya faɗi gaba ɗaya, wai an huta. Bangon ba lallai ya faɗi inda kake so ba, kuma wanda ke sassaƙar shi ne mafi kusa. In dole sai an ja bango da igiya, igiyar ta fi tsawon bangon sau biyu, a tare hanya ta kowane ɓangare, a ƙirga mutane kafin a ja. A lungunan Birni da Zango inda katanga ɗaya ta haɗa gida biyu, a shiga a gaya wa matan gidan maƙwabta su janye yara da dabbobi da murhu daga jikin bangon.

Rufin kankare kuma wani abu ne daban. Mita ɗaya a kan mita ɗaya mai kaurin santimita 15 nauyinsa kilo 360 ne. Rodin da kake kwaɗayi shi ke riƙe da wannan nauyin, rodi mai lamba 12 kuwa mita ɗaya bai ma cika kilo ɗaya ba, sai ka auna da kanka abin da kake sa wuyanka a kai. Ba a fasa ginshiƙi ko gadar da ke kan ƙofa alhali akwai nauyi a kansu, ba a shiga ƙarƙashin rufin da aka fara fasawa, kuma bene ko babban rufi aikin wanda ya san gini ne, a kira shi ya tsaya a kai. Rodin da ke lanƙwashe cikin kankare yana da ƙarfi a ɗaure, kana yanke shi sai ya zabura, saboda haka tsaya a gefe ba a saitinsa ba. Wanda ya rage a tsaye tsirara a lanƙwasa kansa ƙasa, faɗuwa kan tsayayyen rodi ba a cika tashi ba.

Injin yankan ƙarfe, don Allah a bar masa murfinsa. Ƙaramin injin yana juyawa wajen sau 11,000 a minti, babban faifai mai milimita 230 kuwa iyakarsa 6,600, to masu cire murfi su ɗaura babban faifai a ƙaramin inji don ya yi zurfi, faifan tarwatsewa yake yi, fuska da wuya yake nema. Faifan da ya faɗi ƙasa, ya tsage ko ya sha ruwa a jefar. Riƙe da hannu biyu, ƙarfen da ake yankawa a danne shi da wani abu ba da ƙafa ba, a zare waya kafin a canza faifai, kuma a duba inda tartsatsi ke zuba, kar ya zama kan bidon esanshi ko zana.

Mataki na huɗu: ƙura

Nan ne mutane ke dariya, wai mu da muka saba da hazo da buji. Amma ƙurar kankare, bulo da dutse tana ɗauke da ɓarɓashin yashi mai laushin da ido ba ya gani, yana shiga can ƙasan huhu ya zauna, huhun ya yi tabo, tabon kuma ba ya warkewa, ba maganinsa. Sai bayan shekaru mutum ya ga numfashi na gaza masa a ɗan hawa, tarin fuka kuma ya fi saurin kama mai irin wannan huhu. Masu fasa dutse a bayan gari abin nan ɗaya ne da su.

Rigakafinsa na farko ruwa ne. Na san ruwa a garin nan ba abin wasa ba ne, amma ba wanka za a yi wa ginin ba, yayyafi ne, ko ruwan wanki da aka gama da shi ya isa. A jiƙa kafin a fasa, a jiƙa kafin a share, a tsaya ta inda iska ke fitowa. Takunkumi kuma nemi wanda aka rubuta FFP2 ko N95 a jiki, ya kama hanci ya manne. Rawani, tsumma da shuɗin nan na likita suna tare babbar ƙura ne kawai, mai kisan tana wucewa. In takunkumin ya toshe numfashi na wahala a canza.

Akwai kuma asbesto, masu faransanci na ce masa amiyant. Ana samunsa a tsofaffin gine-ginen gwamnati, lakwal da sito: rufi mai ruwan toka mai kama da tol amma na siminti, wasu allunan silin, da tsofaffin bututun ruwa. In ka ga bakin inda ya karye da ƴan zare-zare, ɗauka shi ne. Yana zaune lafiya ba ya komai, fasawa, yankawa da gogewa ne ke sakin zaren, kuma kansar da yake jawowa a huhu sai bayan shekara 20 zuwa 40 take bayyana, shi ya sa ba wanda ke danganta ta da aikin. Jiƙa shi sosai, kwance kusoshin, sauke shi ɗungurungum, kar inji ya taɓa shi, a nan takunkumin FFP3 ake so. Gutsattsarin a ƙulle a leda mai kauri, kar a haɗa da ɓaraguzan da za a cike hanya, don mota za ta niƙe shi yara su shaƙa. Ni dai ba zan saya don rufin akurki ma ba.

Tsohon fenti na kyaure, taga da ƙarfen gada sau da yawa akwai dalma a ciki. Kankare shi a bushe ko ƙona shi da wutar walda na sa ta shiga jiki. Babba zai ji ciwon ciki, ciwon kai da kasala, amma yaro ne abin tsoro, don jikinsa na zuƙar dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba kuma ƙwaƙwalwa take taɓawa. Mun ji abin da ya faru a Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu, dutsen zinariya mai dalma ake kawowa gida ana daka. Hanyar ɗaya ce, ƙura daga wurin aiki zuwa tsakar gida. Don haka kayan aiki su kwana a wurin aiki, a wanke hannu da fuska da sabulu kafin cin abinci, goro ko sigari, a yi wanka kafin a ɗauki yaro, kuma kar uwargida ta haɗa wankinsu da na yara.

Mataki na biyar: abin da ba a yankawa, ba a ƙonawa

Tano, tankin mota, tukunyar gas, duk wani rufaffen abu da ya taɓa ɗaukar mai, fenti ko maganin ƙwari, ba a sa masa wuta ko faifai. Wanda ya fi haɗari ma shi ne wanda ake ce wa fanko, don tururin da ya rage a ciki ne ke fashewa. Tano in dole ne a buɗe murfi, a wanke, a cika shi da ruwa sannan a yanka. Tukunyar gas a mayar wa masu gas.

Ƙona waya don a fitar da jan ƙarfe, hayaƙin robar yana da guba mai ƙona maƙogwaro da huhu, tokar kuma na lalata ƙasar wurin, awaki su bi su ci. A feɗe ta: kafa reza ko wuƙa a jikin katako ka ja wayar ta ciki, hannu na bayan kaifi. Ya fi cin lokaci, amma jan ƙarfe mai haske ya fi ƙonanne daraja a wajen mai saye. Katako mai fenti kar a sayar wa mai tuya ko mai gasa nama. Yanka ƙarfe mai farin shafi, irin na tol da bututu, da wuta yana kawo zazzaɓi da dare kamar masassara, a yi shi a fili. Baturi ba a fasawa a zubar da ruwansa, a sayar da shi yadda yake. Dogon kwan fitila akwai zaiba a ciki, kar a ba yara su fasa.

Abin da ba ka gane ba kuma bar shi. A 1987 a garin Goiania na Brazil wasu masu tsintar ƙarfe suka kwance wata na'ura daga asibitin da aka yi watsi da shi suka sayar, aka fasa aka ga gari mai shuɗin haske, mutane suka riƙa shafawa, huɗu suka mutu, ɗaruruwa suka gurɓata. Ƙaramin abu mai nauyin da ya wuce girmansa, mai alamar fanka mai kunne uku, ko abin da ya yi kama da harsashi ko kayan soja a cikin lodin da ya zo daga nesa, kar a buga kar a ɗaga, a janye mutane a kira jami'an tsaro.

Mataki na shida: lodi da filin tara kaya

Durƙusa ka ɗaga da ƙafafu, kaya manne da jiki, ba juya ƙugu. Abin da ya haura kilo 25 ku kama ku biyu, mutum ɗaya ke ba da umarni. Kamiyo in zai ja baya mutum ɗaya ya tsaya inda direba ke ganinsa. Ba a zama kan lodin ƙarfe, rodin da ya zarce bayan amalanke a ɗaura masa jan tsumma. A fili, kusa a cire ta daga katako nan take ko a lanƙwasa, tol a kwantar a danne da dutse, tari kar ya wuce ƙirji, a bar hanyar wucewa. Watan Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, aiki mai nauyi a yi shi daga asuba zuwa hantsi, a dawo bayan la'asar, ruwa kuma a sha tun ba a ji ƙishi ba.

Yara da almajirai masu tsintar kusa ba takalmi, a hana su shiga, ko da kuwa za a ce ka cika tsanani. In kana son taimaka musu ba su sadaka a bakin ƙofa.

Mataki na bakwai: in abin ya faru

A ajiye bidon ruwa mai tsabta, sabulu, bandeji da tsumma wankakke a wuri ɗaya da kowa ya sani, lambar ƴan kwana-kwana kuma 18 ce.

Jini: danne da tsumma mai tsabta da ƙarfi, minti goma ba ɗagawa ana leƙe, in ya jiƙe a ƙara wani a kai. Ba a zuba ƙasa, toka, man birki ko esanshi. Ƙarfe ko gilas da ya shige jiki ya tsaya kar a zare, a tallafe shi da tsumma a tafi da shi haka. Yatsa in ya guntule a naɗe shi a tsumma mai ɗanshi, a sa a leda, ledar a cikin ruwan ƙanƙara, a tafi babban asibiti kai tsaye.

Ido: siminti, farar ƙasa ko ruwan baturi, a yi ta zuba ruwa minti 20 ido a buɗe. Ɓarɓashin ƙarfe kuwa ba a murzawa, ba a sa tsinke ko harshe, a rufe a kai likita. Ƙuna ma ruwa ne minti 20, ba man goge baki ba ƙwai.

Wanda kuran ya riƙe kar a taɓa shi da hannu, a kashe wuta ko a ture wayar da busasshen itace. Wanda ya faɗo daga sama yana kukan wuya ko baya, ko ƙafafunsa sun mutu, kar a ɗaga shi zaune a ɗora a babur, a kwantar da shi kan kyaure kai da jiki a miƙe. Wanda bango ya danne a tone da hannu da shebur a hankali ta wajen kai, mutum ɗaya kuma ya tsaya yana kallon sauran bangon. Saran maciji ba tsagawa ba tsotsa ba ɗaurin igiya, a cire zobe, a hana shi tafiya da ƙafa, a kai asibiti.

Sai taka kusa, wanda kowa ke rainawa. Ƙwayar tetanos a cikin ƙasa da kashin dabbobi take, rami mai zurfi da ƙaramin baki irin na kusa shi ta fi so, kuma alamunta, sarƙewar haƙora da sanƙarewar wuya, suna fitowa ne tsakanin kwana 3 zuwa 21, lokacin ciwon ma ya rufe an manta. Wanke da ruwa da sabulu, ka je CSI, wato ƙaramin asibiti, mafi kusa a ranar, ka gaya musu yaushe rabonka da allurar rigakafin tetanos. Wanda ya fi ma, duk mai wannan sana'a ya fara rigakafin tun yana lafiya: ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku bayan wata shida, sannan biyu da tazarar shekara guda-guda. A ajiye katin.

Magana ta ƙarshe da masu gida

Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta ɗora kiyaye lafiyar ma'aikaci a kan wanda ya ɗauke shi aiki, kuma CNSS, wato asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, na da reshen da ke kula da haɗarin aiki ga wanda aka yi wa rajista, in rauni ya faru a sanar da su da ofishin sufeton aiki ba tare da jinkiri ba. Yawancin masu jari bola ba su cikin wannan tsari, to aƙalla a yi magana a gaban shaidu tun kafin a fara: in wani ya ji ciwo wa zai biya magani, wa zai ba iyalinsa na cefane har ya tashi. Masu fili ɗaya za su iya yin asusu, kowa ya zuba wani abu duk sati.

Kuma a duba yadda ake biya. In kilo kaɗai ake biya, yaro ba zai ɓata lokaci yana yayyafa ruwa ko cire kusa ba, don ba a auna wannan a sikeli. Ranar zagaye da ranar sauke rufi a biya su kuɗin yini, kilo ya fara daga lokacin da komai ya sauka ƙasa.